Sarkin Ƙofa a Gyadi-Gyadi

Kakana kan ce kafin Turawa su ci Kano a 1903, da dare rufe ƙofofin ganuwa ake yi. Sarkin Ƙofa kan dubi tsagar baƙo, ya saurari harshensa.

Wajen 2005, a wani kafen intanet na Gyadi-Gyadi, na sayi awa guda, janareto na ruri, wani shafin Amurka ya hana ni shiga. Lambar IP ce ta tona ni: ɗan Nijeriya. Daga baya burauza ta zama tsagar: girman allo, harshe, agogon gari. A 2010 ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta EFF ta nuna waɗannan da makamantansu, in an haɗa su, kan isa a gane burauzar mutum. Samarin unguwar Daurawa da suka rungumi VPN a 2021, da aka toshe Twitter, lambar IP kawai suka canja, ba tsagar ba.