Kasuwar Krakow da Ke Ci Tun 1257

Baƙon da ya je hutu Krakow, a kudancin ƙasar Polan, da wuya ya kwana bai tsinci kansa a Rynek Główny ba, wato babban dandalin kasuwar birnin. Fili ne mai kusurwa huɗu, kowane gefe kusan mita 200. An shata shi a 1257, lokacin da mai sarautar ƙasar, Bolesław, ya sake tsara garin bayan mayaƙan Mongol sun ƙone shi a 1241. Tun daga nan ciniki bai bar wurin ba.

A tsakiyar filin ne Sukiennice take, doguwar rumfar 'yan yadi. Sarki Kazimierz Babba ya gina ta da tubali a ƙarni na 14, gobara ta cinye ta a 1555, aka sake tayar da ita. Fatake sukan shigo da siliki da kayan yaji da fata da kakin zuma daga Gabas, su fita da yadi da darma da gishirin Wieliczka, mahaƙar da ke bayan gari, wadda ta daɗe tana cika baitulmalin sarakunan Polan. Yau 'yan yadi sun kau. Rumfunan na masu tsaraba ne: sarƙoƙin ambar, wato ƙaron itacen da ya daskare a gaɓar tekun Baltik, da akwatunan katako masu sassaƙa, da riguna masu aiki. Kayan da tsada, gaskiya, amma a ganina ko ba ka sayi komai ba, ratsa rumfar kaɗai ya biya wahalar zuwa. A bene akwai gidan adana zane-zane da aka kafa a 1879, a ƙarƙashin ƙasa kuma wani gidan tarihi da aka buɗe a 2010, inda ake ganin tsofaffin hanyoyi da ma'aunan 'yan kasuwar da.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani ɗan burodi mai siffar awarwaro da ake sayarwa a kekunan tura shuɗɗa. Sunansa obwarzanek. Murɗa ƙullun ake yi, a tafasa shi, sannan a gasa, a barbaɗa riɗi ko gishiri. Sunansa ya fito a littafin kashe kuɗin fadar Sarauniya Jadwiga tun 1394, kuma a 1496 Sarki Jan Olbracht ya keɓe wa masu gashin Krakow izinin yin sa. A 2010 Tarayyar Turai ta ba shi kariya, ta yadda wanda aka gasa a wani yanki ba zai ɗauki sunan obwarzanek na Krakow ba. Abincin fada ne jiya, yau na ɗalibi da leburan da ke sauri.

Duk sa'a ɗaya mai busa yakan leƙo daga hasumiyar cocin Maryamu da ke dandalin ya busa ƙaho ta fuskoki huɗu, sai busar ta yanke ba ta kai ƙarshe ba. Ana ba da labarin cewa kibiyar maharan Mongol ce ta sami wani mai gadi a maƙogwaro yana cikin gargaɗin gari. Almara ce, amma rediyon Polan na watsa busar ta tsakar rana tun 1927.

Da yamma jama'a sukan gangara unguwar Kazimierz don cin zapiekanka, tsagin dogon burodi da cuku da naman kaza na tsiro, abincin da ya samo asali a shekarun 1970, zamanin gurguzu. Rumfar da ake sayar da shi a dandalin Plac Nowy na unguwar mayankar kajin Yahudawa ce a da. Kusan Yahudawa 60,000 ke zaune a birnin kafin Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Nazi suka hallaka mafi yawansu. Bai kamata mutum ya ci abinci a wannan unguwa bai san haka ba.

Warsaw ta karɓe fadar mulki daga Krakow tun wajen 1596, amma a 1978 tsohon garin Krakow da mahaƙar Wieliczka suna cikin wurare 12 na farko da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya. Musulmin da zai je, ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin naman alade ya yi yawa a girkinsu, har a kan pierogi, wato ƙullun fulawa mai dankali da cuku a ciki, akan barbaɗa shi.