Motar gado a ƙasar Matameye: tarihin ƙimarta da hanyoyin sayar da ita

Gabatarwa

Wanda ya zaga tsofaffin unguwannin Matameye ko Kance ko Magarya, da wuya ya rasa ganin wata tsohuwar mota a gindin katanga, tayoyinta sun nutse cikin rairayi, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Sau da yawa in an tambaya sai a tarar mai ita ya daɗe da rasuwa, an raba gona da gida da bisashe, ita kaɗai ta saura, domin magada sun kasa daidaitawa a kan kuɗinta. A cikin wannan ɗan rubutu za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan saɓani yana da tarihi. Mota guda tana da ƙima iri uku, kowace da kasuwarta da kalmominta, kuma magajin da ya san kasuwa ɗaya tak shi ake ƙwara.

1. Yadda mota ta shigo

A ƙarshen shekarar 1924 ayarin motocin Citroën guda takwas, ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil, ya ratso hamada ya sauka Damagaram, wadda ita ce babban birnin Nijar har zuwa 1926. Mai zanen ayarin, Alexandre Iacovleff, ya zana hoton sarki Barma Mustafa. Waɗannan motocin kallo ne, sun zo sun wuce. Motar da ta zauna a ƙasa, gyaɗa ce ta kawo ta.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar kudancin Damagaram ta sami hanyar fita zuwa teku. Matameye tana kan wannan hanya, wadda ta taso daga Takeita ta bi ta Kance, ta ƙetare iyaka a Ɗan Barto ta nufi Daura da Kano. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka riƙa sayen gyaɗa ta hannun ƴan ƙasa, aka kuma kafa masana'antar man gyaɗa a Matameye kanta. A 1962 gwamnati ta ƙirƙiro SONARA ta ba ta cinikin gyaɗa, noman kuwa ya kai ƙololuwa wajen 1966 da 1967. A wannan tsakani ne masu sayen gyaɗa da suka yi arziki suka mallaki manyan motocin Berliet, da Land Rover, da Peugeot 404 wadda aka fara ƙerawa a 1960.

Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a ƙasar Kance a waɗannan shekaru, ya nuna cewa ana auna dukiyar mutum da yadda take zagayawa cikin jama'a, ta hanyar kyauta da biki. Motar alhaji ta shiga wannan tsari. Ita ke kai amarya, ita ke kai marar lafiya asibitin Damagaram, ita ke raka maniyyata. Ke nan tun ranar da aka saye ta, akwai wani sashe na darajarta da ba a rubuta a takardar ciniki ba.

Farin 1973 da 1974, sannan cutar da darɓa ta yaɗa wa gyaɗa a 1975, suka karya wannan ciniki. Motoci da yawa sun tsaya ne saboda abin ɗauka ya ƙare, injinsu kuwa da sauran ƙarfi. Bayan nan aka sami wani sabon zubi: Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna daga 1975, da kuma waɗanda ƴan yawon buɗe ido ke korowa daga Turai ta Tamanrasat da Arlit da Agadas, su sayar su koma gida ta jirgin sama. Wannan hanya ta toshe a farkon shekarun 1990 saboda tawaye a arewa da rikicin Aljeriya, ciniki ya koma tashar ruwan Kwatano.

2. Abin da kalmomi ke nunawa

Harshe ma ya riƙe wannan tarihi. Mota, direba, taya, birki, sitiyari, duk daga Ingilishi suke, ta hanyar Kano suka shigo. Kamiyo da bashe daga Faransanci ne, haka nan kusan duk kalmomin da suka shafi takardu da hukuma, kamar duwan da farmi. Wato jikin mota ya fi karkata kudu, takardunta kuwa suna kallon Yamai. Za mu ga cewa wannan rabuwa tana da tasiri a kan kuɗi.

Abin lura na biyu shi ne, abin da Faransanci ke kira voiture de collection ba shi da kalma guda a Hausa. Muna da tsohuwar mota, muna da akwala ga wadda ta gaji, muna da ta hannu ga wadda wani ya riga ya hau. Dukansu suna nuna raguwar daraja. Kayan tarihi kuwa, a kunnen mutane, takobi ne da sulke da tambari da littafin hannu. Abin da Nasara ya ƙera a masana'anta bai cika shiga wannan layi ba. Saboda haka idan dillali ya ce akwala, ya riga ya yanka kuɗi tun ba a fara tayi ba.

3. Kasuwa uku

Kasuwa ta farko ita ce ta ƙarfe. Ƴan gwangwan ba ruwansu da shekara ko suna, nauyi suke saye. Tayinsu shi ne mafi ƙasa, amma kuɗi hannu ne, ba sa neman takarda, shi ya sa magadan da ke cikin matsi suka fi saurin sallama masu.

Ta biyu ita ce ta aiki da kayan gyara. Makanikan Damagaram da Daura da Kano suna duban inji da giya da gada, su ƙiyasta ko za ta tashi ko kuwa a kwance ta a sayar ɗaiɗai. Farashin wannan kasuwa yana bin canjin naira da sefa. Faɗuwar naira daga 1986 ta sa kayan gyaran Nijeriya suka yi araha ga mai sefa. Ranar 12 ga Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan da ake kawowa daga Turai suka yi tsada, tsohon inji mai lafiya ya zama abin nema. Mota ɗaya, tana nan inda take ba ta motsa ba, kuɗinta ya sauka ya hau.

Ta uku ita ce ta masu tara tsofaffin motoci, galibinsu a Turai. A Faransa mota tana iya samun takardar motar tarihi in ta kai shekara 30. Waɗannan masu saye suna duban lambar shasi, da ko injin na asali ne, da cikar takardu. Bushewar ƙasarmu tana rage tsatsa, wannan riba ce. Amma gyaran da aka yi ta yi da abin da ya samu, injin wannan a jikin waccan, yana zubar da ƙima a idonsu. Ya kamata kuma a rage buri: an ƙera 404 sama da miliyan biyu, ba kowace ce abar nema ba, kuma kuɗin ɗauka zuwa teku yana iya cinye ribar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mai saye daga nesa yana cire wannan duka daga tayinsa.

Wasu alamu na taimakawa wajen gane shekaru. Misali, Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilu 1972. Motar da aka sayo sabuwa a Kano mai sitiyari a dama, akwai kyakkyawan zato ta girmi wannan shekara.

4. Rabon abin da ba ya rabuwa

Dokar tsarin shari'a ta 1962 ta bar sha'anin gado a hannun al'adar masu shari'ar, kuma a ƙasar Matameye wannan na nufin fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ake karanta shi a Risala. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. A ƙaddara mamaci ya bar mata ɗaya da ɗiya maza biyu da mata uku. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Sauran bakwai, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ɗaya. In an yi wa mota kuɗi jika 800, matar ta sami 100, kowace ɗiya 100, kowane ɗa 200. In an yi mata kuɗin ƙarfe jika 160, rabon ɗiya mace ya koma jika 20. Lissafin malam daidai ne a duka biyun. Cutar tana shiga tun wurin sa kuɗi, kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Tun da mota ba ta yankuwa kamar gona, hanya uku ce ake bi: a sayar a raba kuɗi, ko magaji ɗaya ya ɗauka ya biya sauran, ko a bar ta tana haya ana raba abin da ta kawo. Ta uku takan mutu a gyaran farko, don kowa na jiran ɗan'uwansa ya biya. Ta biyu ita ce mai hatsari ga mata da marayu. A wani rabo da muka halarta, babban wa ya nemi a bar masa bashen mahaifinsu, yana cewa abin kunya ne motar da ta kai rabin gari biki ta koma hannun baƙo. Maganarsa gaskiya ce, amma kuɗin da ya ambata na ƴan gwangwan ne. Sai da wata gwaggo ta matsa aka kirawo makanike daga waje, tayinsa ya ninka na farko. Wan ya ɗauki motar duk da haka, ya biya ƙannensa a kan sabon kuɗi bayan kaka biyu.

Saura batun takardu. Takardar mota tana ɗauke da sunan mamaci, ba ta juyawa sai da shaidar gado daga kotu da yardar magada a rubuce. Da yawa cikin motocin da aka sayo a Kano ba su taɓa biyan duwan ba, ko kuma gara ta cinye takardunsu. Irin wannan mota, komai kyawunta, ƙofar kasuwa ta uku a rufe take gare ta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawara biyu. Ga magada: kada a sallama a kan bakin mutum guda. A ji tayin mai ƙarfe, da na makanike wanda ba shi da niyyar saye, a kuma bincika abin da irinta ke yi a waje, a gaban dukan magada har da mata, sannan a ce albarka ko a ce an sallama. A tuna kuma dillali la'adarsa yake so ta fito da wuri.

Ga ɗalibanmu: Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, amma doka ba ta shiga gida ta yi hira da tsoho. Kafin a ja motar, a ɗauki hotonta da na lambar shasi, a kwafi duk takardar da ke cikin akwati, a nemi tsohon direba da yaron mota a naɗi muryarsu: buhu nawa suke ɗauka, kwana nawa zuwa Kano da damina, me suke kiran kowane ƙarfe. Mota za ta iya jira wasu shekaru a gindin katanga. Direbobin zamanin gyaɗa kuwa, waɗanda suka rage duk sun manyanta, da su ya kamata a fara.