Wankan Citta a Ƙasar Sin

Citta mai yatsu, wadda Larabawa ke kira zanjabil, wadda kuma Alƙur'ani mai girma ya ambace ta a Suratul Insan cikin abin shan 'yan Aljanna, ta daɗe a hannun hukama'u tana amsa sunan magani mai zafi, har Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya lissafta ta cikin masu ɗumama jiki da taimakon narkar da abinci. Amma in ana zancen zuba ta a ruwan wanka, to, lalle sai a nufi ƙasar Sin, musamman kudancinta, watau lardin Gwandong da Hongkong.

Asalin al'amarin shi ne likitocin Sin na dā sun gina ilminsu bisa rabon zafi da sanyi, suka ɗauka cewa yawancin ciwon gaɓoɓi da mura da kasala daga sanyi da iska suke, idan sun sami ƙofa suka ratsa jiki. Jang Jongjing, wanda ya wallafa littafinsa kan cututtukan sanyi wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya yawaita sa citta, ɗanya da busasshiya, cikin haɗe-haɗensa. A wurinsu kuwa babu wanda ƙofofin jikinsa ke buɗe kamar mace mai jego, domin ta zubar da jini, jini kuwa ɗumi ne. Saboda haka aka ɗora mata zaman ɗaka na wata guda, ba ta shan ruwan sanyi, ba ta tsayawa a iska, har ma a dā akan hana ta wanka da wanke kai ɗungurungum.

To, kudancin Sin ƙasa ce mai zafi da gumi, kwana talatin ba wanka kuwa azaba ce, sai tsofaffin mata suka nemo rangwame. Tun ciki na tsufa uwar miji kan sayi citta mai yawa domin dafa wa mai jego da ƙwai da baƙin ruwan tsami, abincin da akan raba wa dangi ran kwana 12 da haihuwa; ɓawon da aka kankare kuwa ba a zubarwa, sai a shanya shi a rana ya bushe, a adana. Idan an haihu, a tafasa shi a babbar tukunya har ruwa ya yi ja-ja, a bar shi ya huce da kansa, sa'an nan mai jego ta yi wanka. Abin mamaki, littattafan likitocinsu sun ce ɓawon citta sanyi gare shi, naman ne mai zafi. Amma tsofaffin ba su nemi fatawar kowa ba, kuma har yau a Hongkong ana sayar da busasshen ɓawon a ƙulle domin masu jego.

Bahaushe ba zai ji wannan baƙon abu ba, shi da ya san wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma, da ganyen darbejiya ko na tsamiya, ga kunun kanwa, ga yaji mai citta da kanumfari da masoro. Tsoron ɗaya ne, watau kada sanyi ya kama mace. Sai dai mu mun sa cittar a ciki, mun bar wa tafasasshen ruwa aikin waje. Likitocin da suka yi bincike a Zariya cikin shekarun 1970 sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kanwa da tsananin zafin gadon wuta da na wanka. A ganina, a nan matan Gwandong sun fi mu dabara, domin su sai ruwa ya huce suke shiga, yajin citta ya cike musu sauran ɗumin.