Kanon Mai Kacici-kacici a Kiɗan Turai na Zamanin Barok

Zamanin Barok shi ne tsakanin shekarar 1600 zuwa 1750 a tarihin kiɗan Turai. A wannan zamani mawallafa kiɗa sun ƙware wajen saƙa karin sauti biyu ko fiye, kowanne yana tafiya da kansa, amma duka su dace a kunne. Mafi tsaurin ƙa'ida cikin wannan fasaha shi ne kanon: murya ɗaya ta fara, ta biyu ta bi sawunta da kari iri ɗaya tun ta farko ba ta ƙare ba. A nan ya bambanta da amshi da muka sani, inda 'yan amshi kan jira jagora ya sauke.

Kanon mai kacici-kacici kuwa, layi ɗaya kacal ake rubutawa, a bar wa makaɗi ya gano inda sauran muryoyin za su shigo, da yadda za su karanta layin.

Misali mafi shahara ya fito ne daga Johann Sebastian Bach, Bajamushe (1685 zuwa 1750). A watan Mayu na 1747 ya ziyarci fadar Sarki Frederick na Biyu na Prussia a Potsdam, inda ɗansa ke aikin kiɗa. Sarkin ya ba shi wani kari mai wuyar sarrafawa. Da ya koma Leipzig, sai ya gina ayyuka a kan karin, har da kanon 10, aka buga aka aika wa sarki. A ɗaya daga ciki, wanda ake kira na ƙaguwa, makaɗi ɗaya yana karantawa daga farko zuwa ƙarshe, ɗayan daga ƙarshe zuwa farko, a lokaci guda. A wani ana kife layin, abin da ya hau ya sauka. Wani kuma kowane zagaye yana ɗaga sauti mataki ɗaya, sai bayan zagaye 6 ya dawo mazauninsa na farko, amma a sama.

A ganinmu abin lura shi ne, a lokacin fadar ta fi son sabon salo mai sauƙi, ana yi wa irin wannan kallon tsohon yayi.

A 1974 aka gano wasu kanon 14 da Bach ya rubuta da hannunsa a bayan kwafinsa na Goldberg Variations, a Strasbourg ta Faransa.