Sulken Wayar Wuta da Abin da Aka Ƙera Shi Ya Tare

Duk mai son jan wuta daga cikin gida zuwa rijiyar burtsatse, ko daga ɗakin janareta zuwa bakin ƙofa, shawarar da zai samu a shagon kayan wuta kusan ɗaya ce: ya sayi waya mai sulke. A zaton mai saye da mai sayarwa, ƙarfen da aka naɗe wayar da shi maganin kowace irin ɓarna ne, ta ruwa da ta rana da ta ɓera da ta diga. Tarihin sana'ar bai yarda da haka ba. An ƙera sulke ne don ya tare duka da gurza da fizga. Tun ranar da aka fara naɗa shi a jikin waya, wani abu dabam ne ke hana ruwa shiga, wani kuma ke hana shi kansa sulken yin tsatsa. Kowane rufi da ke jikin irin wannan waya akwai masifar da ta jawo shi, kuma ba masifa ɗaya ba ce.

A teku abin ya soma, tun ba a san wutar gida ba. A watan Agustan 1850, wasu 'yan'uwa biyu mutanen Ingila, Jacob Brett da John Watkins Brett, suka shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin ruwan da ya raba Ingila da Faransa. Sili ɗaya ne na jan ƙarfe, an lulluɓe shi da gatafaca, wani ƙaro da ake tatsa daga itatuwan yankin Malaya, wanda ba ya barin wuta ta zurare kuma ruwan gishiri ba ya cin sa. Saƙo ya ƙetare, washegari waya ta yi shiru, labari kuma ya bazu cewa wani masunci Bafaranshe ne ya jawo ta ya datse. Rufin bai gaza wajen tsare wuta ba. Ƙarfin jure ja da gurza ne wayar ta rasa. Maganin sai ya ɓullo daga ramin haƙar ma'adinai. Tun 1834 wani injiniya Bajamushe, Wilhelm Albert, ya tuƙa igiya da silin ƙarfe don jawo kaya daga ramukan yankin Harz, kuma kamfanin R. S. Newall na Gateshead ya shahara da irinta a Ingila. Wayar da aka sake shimfiɗawa a 1851 tana da sili huɗu na jan ƙarfe, kowanne cikin gatafaca, aka naɗe su da zaren rama mai kwalta, sannan aka murɗa musu sili goma na ƙarfe da aka wanke da tutiya. Igiyar mahaƙa ce kawai aka cusa wa wayar saƙo a tsakiya, ta kuwa yi shekaru tana aiki.

Ba a jima ba aka ga iyakar wannan dabara. Wayar da aka ja a ƙarƙashin tekun Atilantika a 1858, daga Ayilan zuwa Niyufanlan, tana da sulkenta na ƙarfe. Sarauniya Biktoriya da shugaban Amurka James Buchanan sun gaisa ta cikinta, amma ta mutu cikin kusan mako uku. Rufin ciki ne ya lalace, bayan mai kula da lantarkin kamfanin da ya shimfiɗa ta, Wildman Whitehouse, ya dinga tura mata wuta mai ƙarfin da ya kai bolt 2,000. Sai a 1866 jirgin Great Eastern ya shimfiɗa wadda ta ɗore. A tekuna masu ɗumi kuma wata tsutsa mai huda katakon jirgi ta riƙa kutsawa tsakanin silin sulken tana cin abin da ke ciki, har sai da aka ƙara naɗin tagulla marar kafa. Ita gatafaca ɗin da ke shekara da shekaru a ƙarƙashin ruwa ba ta canza ba, da an bar ta a sarari, iska da rana na dukanta, sai ta bushe ta tsattsage.

Da wutar gida ta zo, masu aikin suka gaji wannan ilimi. Thomas Edison, a tashar da ya buɗe a titin Pearl na birnin Niyok a 1882, sandunan jan ƙarfe ya zura cikin bututun ƙarfe, ya cika da kwalta, ya binne. A Ingila kuwa, bayan Sebastian de Ferranti ya nuna a Deptford, wajen 1890, cewa takarda da aka jiƙa da kakin ma'adinai tana iya riƙe bolt 10,000, sai aka tsaya kan wani tsari da ya mallaki sana'ar shekaru da dama. Wanda ya yanka tsohuwar wayar ƙasa ta wancan zamani zai iya karanta ta daga ciki zuwa waje. Jan ƙarfe ne a tsakiya, sai takarda mai mai da ke tsare wuta. Takarda ba ta shiri da danshi, don haka aka sa mata rigar dalma wadda ba ta da ɗinki. Dalma tana da taushi, farcen diga ma huda ta yake yi, shi ya sa aka naɗa mata ƙarfe. Ƙarfe kuma tsatsa ke cinye shi a ƙasa mai laima, sai aka rufe shi da zaren buhu da kwalta. Babu injiniyan wancan lokaci da zai ce sulke ne ke hana ruwa. Dalma ce ke da wannan aiki, kowa ya sani.

Sulke mai lanƙwasuwa, wanda ake gani kamar maƙogwaron ƙarfe, asalinsa dabam ne, kuma daga nan ruɗun ya fi zuwa. A Amurka aka yi shi, a daidai shigowar ƙarni na 20, daga aikin Harry Greenfield da kamfanin Sprague Electric, ya kuma yi suna da laƙabin BX. Gidajen Amurka na katako ne, kuma a lokacin ana jan wayoyi ɗaiɗai a cikin bango, a kan 'yan ƙullayen tangaram. Abin tsoro a can shi ne ƙusar kafinta da haƙorin ɓera da gobara. Sai aka ɗauki siririn faifan ƙarfe aka naɗa shi a karkace, kowane zagaye ya sarƙe da na gabansa, yadda za a iya zura wayar ta ramin bangon tsohon gida ba sai an fasa ba. Sarƙewar da ta ba shi lanƙwasa ita ce kuma kafar da ruwa ke bi, domin tsakanin kowane zagaye da ɗan'uwansa akwai tsaga. Matsalolinsa ma na cikin gida sun ɗauki lokaci kafin a magance su. Bakin ƙarfen da aka yanke yana yanka rufin wayar, sai aka ƙirƙiro ɗan jan zobe da ake cusawa a bakin. Idan tsatsa ta shiga tsakanin zagayen, wutar da ta kuɓuce ba ta samun hanya mai sauƙi ta komawa, sai sulken ya yi zafi fis bai tsinke ba. Saboda haka dokar aikin lantarki ta Amurka ta 1959 ta wajabta siririn silin da ke bin jikin sulken ta ciki. Har yau wannan doka ta hana amfani da irin wannan waya a wuri mai danshi ko jiƙa. Wadda ta halatta a waje ita ce mai ƙarin rigar roba a kan sulken, wadda silin cikinta ma aka yi su don jure ruwa.

Rigar nan ta waje ita ce auta a tarihin, ita ce kuma ta buɗe wa waya hanyar zama a sarari. An gano folitin a ɗakin binciken kamfanin ICI a Ingila a 1933, robar PVC kuma ta samu shiga sosai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta kame gonakin roba na Malaya. Sai dai sabuwar robar ta gaji ciwon gatafaca: hasken rana yana karya ta. A shekarun 1950 Walter Lincoln Hawkins, masanin sinadarai baƙar fata da ke aiki a Bell Labs, tare da Vincent Lanza, suka samo haɗin da ya ƙunshi baƙin gari na kabon da wasu magunguna, wanda ya sa rigar folitin ta iya daɗewa a rana har ta maye gurbin dalma a wayoyin tarho. Baƙin da ake gani a jikin wayar waje ba ado ba ne, kodayake ba kowace baƙar riga ce aka yi wa wannan haɗi ba, shi ya sa ake duba rubutun da ke jikinta.

Wani zai ce ya ga sulke tsirara a jikin katanga shekara da shekaru bai yi komai ba, balle a ƙasar da wata bakwai ko takwas ba a ganin ɗigon ruwa. Akwai gaskiya a ciki, don tutiya tana jinkirta tsatsa kuma busasshiyar iska tana taimakonta. Amma lalacewar irin wannan waya ba daga waje ake ganinta ba. Ruwan damina ɗaya ya isa ya shiga tsagar, ya gangara zuwa inda wayar ta yi ciki, ya kwanta can, alhali fuskar ƙarfen tana nan da ƙyallinta. Wani kuma zai juyo da maganar ya ce, tunda riga ce ke tare ruwa da rana, kuɗin sulke asara ne. Wannan ya manta da 1850. Riga ba ta tare diga ko shebur ɗin lebura, kuma sulken da aka haɗa da ƙasa yadda ya kamata yana da aiki na biyu: duk abin da ya huda wayar sai ya taɓa ƙarfen kafin ya kai ga mai wuta, wutar ta bi ƙarfen, makashin wuta ya faɗi. Wayar da ke can sama inda hannu da ƙarfe ba sa kaiwa tana iya zama ba sulke. Wadda ke ƙasa ko a binne, a'a.

Nijeriya tsarin Ingila ta gada a aikin wuta, don haka mai sulken da ke kasuwannin Kano da Kaduna yawanci jikanyar wayar 1851 ce, silin ƙarfe a murɗe ƙarƙashin baƙar riga, ba maƙogwaron Amurka ba. Ta fi taurin lanƙwasa, kuma idan aka matsa mata a kwana silin yana buɗewa ya danne rufin ciki. Rauninta yana baki, inda aka yanke ta don ta shiga akwati. A nan ake sa maɗaurin tagulla mai zare, wanda ke cije silin sulken ya haɗa su da jikin akwatin da wayar ƙasa. Iri biyu ne aka fi sani: BW na cikin ɗaki, wanda ba shi da abin toshe ruwa, da CW na waje, mai zoben roba da ke matse rigar. Wanda ya sayi waya mai tsada ya ɗaura mata na cikin ɗaki a jikin katanga, ko ya yanke silin ya naɗe bakin da salatif, ruwa zai bi tsakanin silin ya yi nisa a cikin rigar, sulken kuma ba a haɗe yake da komai ba.