Finafinan Hausa da Suka Riga Kannywood Haihuwa

Idan ka tambayi matashi a Maƙarfi ko Hunkuyi yaushe aka fara fim da Hausa, zai ce daga Turmin Danya ne, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Bai yi ƙarya ba, in dai fim ɗin kaset ake nufi. Sai dai kakansa ya riga shi kallo da shekaru masu yawa, kuma bai biya ko anini ba.

Majigi ke nan. Asalinsa wani Baturen ma'aikatar lafiya ne, William Sellers, wanda ya riƙa nuna wa mutanen Legas hotuna masu motsi a kan ɓeraye da annoba. A 1939 aka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da Ingila ke mulka, aka ɗora shi a kai. Da aka samu gwamnatin Jihar Arewa, sai Ma'aikatar Yaɗa Labarai da ke Kaduna ta gaji aikin. Mota ce da janareto da farin ƙyalle da lasifika, tana bin garuruwan hakimai da dagatai lardi-lardi. Sanƙira ya yi shela da rana, bayan sallar isha'i gari ya hallara a ƙofar fada. A fara da labaran rangadin Sardauna ko hawan daba, sannan a shiga darasi: tsaftar rijiya, lambar rigakafi, takin zamani. Gidajen silima na Kano da Sabon Garin Zariya ana yi musu kallon matattarar 'yan iska, ɗan mutunci ba ya son a gan shi a ƙofarsu. Majigi kuwa ta hannun sarki ya shigo, don haka har yara da dattawa kowa ya zauna.

Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan tana tsakiyar yankin da wannan wa'azi ya fi nufa, domin ƙasar auduga ce. Ga injin gurzar auduga a Zariya, ga tashar binciken aikin gona da aka buɗe a Samaru tun 1922. Shi ya sa fim ɗin da ya fi zama a bakin tsofaffi shi ne Baban Larai, na shekarun 1950, wanda aka shirya don koyar da noman auduga irin na malaman gona. Kada mu yaudari kanmu, farfaganda ce: masaƙun Ingila na son auduga, daga 1957 kuma masaƙar Kaduna ta shiga layi. Amma a wannan farin ƙyalle ne manomi ya fara ganin mai irin rigarsa, mai irin hauyarsa, yana magana da harshensa.

A wannan makaranta Adamu Halilu ya tashi. An haife shi a Garkiɗa a 1936, ya yi shekaru yana shirya finafinan wayar da kai na gwamnati, kafin a 1976 ya fito da aikin da har yau ba a yi irinsa da Hausa ba: Shehu Umar. Labarin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ya rubuta shi yana malamin makaranta, don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shehun a fim. An nuna shi a bikin FESTAC na 1977.

Abin da ya bambanta shi da finafinan yau haƙuri ne. Ya haura sa'a biyu, ba ya gaggawa. Malami ne zaune cikin almajiransa yana ba da tarihin kansa: yadda aka sace shi yana yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, aka haye Sahara da shi zuwa ƙasar Masar, ya yi karatu har ya zama shehi. Mahaifiyarsa kuwa ta bar komai ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai da ajalinta ya kusa. Ayarin raƙuma da kasuwar bayi da zaman fada duk Halilu ya ɗauke su a fili, ba cikin falo ba. Kuma fim ne da ya dubi cinikin bayi na cikin gida ido da ido, batun da mu Hausawa muka fi son mu rufe da tabarma.

Sai ya ɓace. Halilu ya zama shugaban farko na Hukumar Finafinai ta Nijeriya da aka kafa a 1979, ya rasu a 2001, fim ɗinsa kuwa sai labari a takardun masana. A 2016 ne Didi Cheeka da abokansa na ƙungiyar masu son fim ta Legas suka ci karo da gwangwanayensa cikin tarin tsofaffin faya-faye a wani gini na hukumar da aka yi watsi da shi. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Abin farin ciki ne, abin kunya ne kuma, a ce Bajamushe ya gan shi garau alhali ɗan Ikara bai san da shi ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Ƙasarmu Ce na Saddik Balewa, ɗan marigayi Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1991, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu, na 1992, daga littafin Umaru Ɗanjuma Katsina. Zuwan kaset mai araha ya binne su.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ta ci gaba, sai ya leƙa Nijar. Sani Magori, mutumin Galmi, masanin aikin gona ne kafin ya ɗauki kyamara. A 2008 ya yi fim na gaskiya, ba ƙage ba, a kan albasar garinsu, da yadda auren wata yarinya ya rataya a kan kuɗin da albasar za ta yi a kasuwa. A 2021 Aisha Macky ta fitar da Zinder, inda ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta bar matasan da gari ke tsoro suka yi magana da bakinsu. Hausa ake yi a cikinsu, kuma sun zaga duniya. Manomin rake na Kudan da mai dafa mazarƙwaila a Maƙarfi da mai tumatir a Ikara, wanda kwandonsa ke ruɓewa in kasuwa ta faɗi, labarinsu bai gaza na mai albasar Galmi ba. Bambancin, Magori ya ɗauki ƙauyensu da muhimmanci.

Akwai aikin da ya fi wannan gaggawa. Waɗanda suka kalli majigi suna yara yanzu sun haura saba'in, kullum kuma raguwa suke yi. Ɗaliban wasan kwaikwayo da na tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ba su da nisa da waɗannan garuruwa, wayar hannu ma ta isa ɗaukar hira. Su je su zauna da dattawan nan, su tambaye su abin da suka gani, da wanda ya yi musu fassara, da abin da suka yi wa dariya. Hukumar Finafinai da ke Jos kuma ta saki Shehu Umar ga makarantu da gidajen talabijin na Arewa.