Yadda Faransa Ta Tumɓuke Gwamnatin Sawaba, da Abin da Ya Sami Ƙuri'un Tasawa

Duk sa'ad da wata babbar daula ta sa hannu wajen kifar da gwamnatin wasu mutane, kamar yadda Amurka da Ingila suka yi wa Musaddak a Iran cikin 1953, ba ta rasa hujjar da za ta kafa: ko ta ce maslahar jama'a take tsarewa, ko ta ce fitina take kashewa tun ba ta ruru ba. Mutanen ƙasar Tasawa da Mayahi kuwa ba su bukatar a kai su nesa kafin su auna wannan da'awa, domin a kan ƙuri'unsu aka jarraba ta.

Asalin al'amarin shi ne, a zaɓen watan Maris na 1957 jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ƙarfinta yake wurin talakawa da ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa, ta sami rinjaye a majalisa, ta kafa gwamnatin mulkin cikin gida ta farko a Nijar. Da Janar de Gaulle na Faransa ya kira zaɓen raba gardama na ranar 28 ga Satumba 1958, wanda a cikinsa "i" ke nufin zama ƙarƙashin inuwar Faransa, "a'a" kuma 'yanci nan take, sai Djibo ya zaɓi "a'a", tamkar Seku Ture na Gini. Faransa kuwa, da yake tana fama da yaƙin Aljeriya a iyakar arewa, ga kuma yuraniyom da aka gano a Azelik cikin 1957, ba ta yarda ta saki wannan ƙasa ba. Saboda haka ta aiko sabon gwamna, Colombani, wanda ya janye sarakuna daga Sawaba da alkawari da barazana, ya kuma juya dukan ƙarfin hukuma a kan gwamnatin da jama'a suka zaɓa. Aka shelanta cewa "i" ta sami kashi 78 cikin ɗari, alhali waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 ba. Djibo ya sauka cikin Oktoba, aka rushe majalisa.

Amma duk da wannan matsi, a zaɓen ranar 14 ga Disamba mutanen Tasawa da Damagaram suka sake zaɓen Sawaba. Sai aka soke sakamakon bisa zargin maguɗi, aka miƙa kujerun Tasawa ga abokan hamayya, sa'an nan aka haramta jam'iyyar cikin Oktoba 1959.

Fitinar da aka ce ana gudu ita ce ta biyo baya: mulkin jam'iyya guda, da tawayen 'yan Sawaba na 1964 wanda aka murƙushe da kisa da ɗauri, da gurneti da aka jefa wa Shugaba Diori Hamani a filin idi cikin 1965, har zuwa juyin mulkin soja na 1974. Haƙiƙa, shugabanci amana ce da jama'a ke bayarwa, kuma su kaɗai ke da haƙƙin karɓe ta; baƙon da ya ƙwace ta domin amfanin kansa zalunci ya aikata, kome kyan sunan da ya raɗa wa aikinsa.